Kwana tara ina gina ɗaki, kusurwa ɗaya ce ta fito a fim

Assalamu alaikum Anti. Ina shekara ta uku a makarantar koyon fim, ɓangaren tsara fage, wato mu ne masu ɗakuna da bangaye da launi da duk abin da ido zai gani a bayan jarumi ko a hannunsa. Ni na zaɓi karatun da kaina, kuma ina son sa. Amma wallahi na kai maƙura.

Masu koyon darakta sun ninka mu yawa, kowa kuma da fim ɗin da zai yi kafin ƙarshen zango. Yanzu haka fim huɗu ne a kaina, duk na abokai, na kasa ce wa ko ɗaya a'a. Ga aikin aji: zanen gini, samfurin kwali, da rubutu. Rabona da barcin awa biyar a jere har na manta. Kuɗin kashewata a fenti da gam yake ƙarewa, in na yi maganar a biya ni sai a ce bayan shutin. Darakta zai kira ni ƙarfe goma na dare ya ce ya canza shawara, kore yake son bangon ba shuɗi ba, kuma gobe da safe za a ɗauka.

Abin da ya karya min zuciya shi ne, kwana tara na yi ina gina ɗakin wata tsohuwa, bango huɗu, har da taga da labule da hotunan da na tsufar da hannuna. Da aka tace fim ɗin, kusurwa ɗaya ce ta fito, ita ma dishi-dishi a bayan jaruma. A makon nan kuma, wajen ƙarfe uku na dare ina yankan kwali, reza ta zame ta shiga yatsana, sai da aka yi min ɗinki. Samfurin bai kammala ba, wa'adi ya wuce, malamina ya ja min kunne. Mahaifiyata ta ce ta daina ganina sai a kwance, ƙawayena sun gaji da kira.

Duk wanda na kai wa kuka sai ya ce haka harkar take, in ba zan iya ba in bari tun da wuri. Anti, ni ce raguwa, ko in sauya fanni?

Ɗaliba mai ɗinki a yatsa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Da yatsan zan fara, domin shi ya fi tsaya min a rai, ke kuwa kin jefa shi a tsakiyar magana kamar ba komai ba. Hannun nan shi ne jarinki. Ki kula kada ciwon ya jiƙe ko fenti ya taɓa shi, ki koma ranar da aka ce a cire zaren. Sannan ki sani ba tsautsayi kaɗai ya sa rezar ta zame ba. A 1997 wasu masana biyu a Ostireliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, sun gwada yadda ido da hannu ke aiki tare a jikin mutanen da aka hana barci. Suka gano cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, hannunsa na kuskure daidai da na wanda giya ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, wato iyakar da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi a kanta. In ya kai awa 24, abin ya ninka. Ki lissafa da kanki: in kin tashi bakwai na safe, sha biyun dare awa 17 ta cika. Ke kuwa ƙarfe uku kike riƙe da reza. Don haka daga sha biyun dare babu reza, babu zarto, babu injin huda, babu hawa tsani, babu tuƙi, kuma wannan ba ta da sassauci. In aiki ya zama dole a lokacin, ki yi wanda in an yi kuskure gogewa ake yi, ba ɗinki ba.

Masu ce miki haka harkar take sun faɗi gaskiya, amma ba su ƙarasa ta ba. Aikin fim yana cin lokaci, kuma 'yan tsara fage su ne farkon zuwa, su ne ƙarshen tafiya: kafin a kunna fitila ɗaya sai sun gama jera ɗaki, bayan kowa ya watse kuma su za su kwance, su mayar wa mutane kayan aro. Wannan ba zai canza ba, gara ki sani tun yanzu. Abin da ba su faɗa miki ba shi ne, su kansu 'yan harkar ba su yarda a bar ta haka ba. A 1997 ɗin dai, a Amurka, wani mataimakin mai kyamara ya tashi daga aikin awa 19, ya kama hanyar gida, barci ya sace shi a kan sitiyari, ya rasu, kuma dubban abokan aikinsa suka sa hannu a takardar neman kada yinin aiki ya wuce awa 14. A 2021 IATSE, ƙungiyar ma'aikatan bayan fage ta can, ta kaɗa ƙuri'a, fiye da kashi 98 cikin ɗari na waɗanda suka jefa suka amince a tafi yajin aiki in ta kama. Cikin abin da suka samo akwai hutun awa 10 tsakanin tashi daga aiki da dawowa, da awa 54 a ƙarshen mako. Waɗannan ƙwararru ne da ake biya, babu kuma wanda ya kira su ragwaye. To ke da ba a biyanki, ke ce ma mai biya, don me za ki ɗauki abin da su suka ƙi ɗauka?

Raggo ba ya kwana tara yana gina ɗaki, ki cire wannan kalmar daga ranki. Amma ba zan ɓoye miki ba, a ɗakin tsohuwar nan akwai naki laifin, kuma nan nake so mu daɗe, domin in kika gane abin da ya faru a wurin, mafi yawan wahalarki za ta sauka.

Ni ma na yi irinsa a farkon shigata. Ɗakin karatun wani tsohon likita aka ce in haɗa. Na bi mutane ina aron littattafai, na cika kanta uku daga ƙasa har sama, na zauna ina jera su yadda nake jin mutumin zai jera, waɗanda suka fi shan hannu a kusa da kujerarsa. Ranar ɗauka mai kyamara ya shigo, ya tsaya a bakin ƙofa, ya haɗa yatsunsa ya yi ɗan akwati ya leƙa, ya juya ga tagar da haske ke shigowa, ya ce a juyo da teburin. Kantocina uku suka koma bayan kyamara, aka jingina musu sandunan fitila. Abin da ya fito a fim shi ne tebur, da tabarau, da wani agogon hannu marar maɗauri da na ajiye a gefe ana daf da farawa. Na fita waje na yi kuka. Da yamma ya same ni ina ɗaure littattafai, ya ce, "Me ya sa ba ki tambaye ni ba? Tun makon jiya na san ta taga zan ɗauka." Ba da faɗa ya yi maganar ba, kuma gaskiyarsa. Na ɗauka nawa shi ne in gina, nasa kuma ya zo ya ɗauki abin da ya tarar.

Laƙabin sana'ar nan taki ma daga nan ya samo asali. An daɗe da masu zana fage da masu gina shi, amma laƙabin mai tsara kamannin fim baki ɗaya, a 1939 aka fara ba wani, William Cameron Menzies, a fim ɗin Gone with the Wind, kuma furodusan fim ɗin, David O. Selznick, shi ya ba shi. Abin da mutumin ya yi shi ne ya zauna ya zana fitowa bayan fitowa, da launinsu, da inda kyamara za ta tsaya, da abin da zai shiga hoto. Daraktoci uku ne suka taɓa fim ɗin, amma kamanninsa bai wargaje ba, saboda zanen Menzies na nan kowa na bi. Abin da ake koya miki ke nan: tsayar da abin da za a gani. Guduma da buroshi daga baya suke zuwa, gwargwadon abin da aka tsayar.

Saboda haka daga yau kada ki sayi ko ƙusa ɗaya sai kun zauna ku uku, ke da darakta da mai kyamara, labarin na gabanku. A kowace fitowa ki maimaita tambayar nan: daga ina za a ɗauka, da wane gilashin kyamara, wato lens, me zai shiga? Ki koyi lissafin gilashin da kanki, ba shi da wuya. Gilashi mai milimita 50, in tsakanin kyamara da bango mita 3 ne, faɗin bangon da zai shiga hoto a wasu kyamarorin mita 2 ne da 'yan kai, a wasu ma wajen mita ɗaya da rabi. Fallen bangon da ake haɗawa a fage kuwa yawanci ƙafa 4 ne da ƙafa 8, girman fallen katako guda. Kin ga falle biyu a jere sun rufe wannan hoton har da saura. Da kin san a zaune za a ɗauki jarumar nan kusa-kusa, da falle uku sun ishe ki kusurwar, aikin yini biyu, sauran kwana bakwan kuma ki zuba su a kan abin da hannunta zai taɓa, da barci.

Wani daraktan zai ce shi bai sani ba tukuna, sai ya ga wurin. To nan ne amfanin samfurin kwali. A ma'aunin 1:50, bangon mita 3 santimita 6 ne, mutum kuma bai kai santimita 4 ba. Cikin awa biyu za ki haɗa ɗakin da farin kwali, ba fenti ba ado. Ki yanka ɗan mutum ki tsayar a ciki, ki miƙa wa darakta, ki ce ya sauke idonsa daidai tsayin ɗan mutumin ya nuna miki inda yake so. Ko ki ɗaga ɗakin a manhajar zanen kwamfuta irin SketchUp ko Blender, ki saita kyamarar ciki a kan gilashin da mai kyamara ya faɗa, ku kalla tare. Mai canza ra'ayi ya canza a kan kwali, inda yatsa biyu ke matsar da bango. Ki lura da wannan da kyau: aikin ajin da kike turewa gefe don ki samu lokacin fina-finan abokai, shi ne abin da zai rage miki wahalar fina-finan.

Haka ma labarin. Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo, kuma masu tsara jadawalin ɗauka gida takwas suke raba shafi don su san nauyin kowace fitowa. Ki ari dabarar, ki rubuta a gefen kowane wuri nawa ya ci. Ɗakin da za a yi shafi huɗu a ciki ana kuka ana faɗa, shi ya cancanci kwanakinki. Barandar da jarumi zai ratsa ya wuce, a samo wadda take akwai, a cire abin da bai dace ba, shi ke nan. Sai ki ja layi a ƙarƙashin duk abin da jarumi zai riƙe, wasiƙa ce, kofi ne, hoto ne, domin su kyamara ke matsowa kusa da su, su ne kuma ke zama a ran mai kallo. Har yau in wani ya tuna min da fim ɗin likitan nan, agogon marar maɗauri yake ambata.

Sai kiran ƙarfe goma na dare. Kada ki riƙe daraktan a zuci. Shi ma ɗalibi ne, tsoro ke cinsa, kuma launin bango shi ne abu mafi kusa da zai kama don ya ji yana yin wani abu. Amma dalilin da ya sa yake ta kiranki shi ne bai taɓa jin canjin ya ci masa komai ba. Yana faɗa, gari na wayewa ya tarar da bango kore, bai ga daren da aka kashe a kai ba. Ke kika ɓoye masa, saboda kara da jin nauyi. Ba sai kin ce a'a ba, ba kuma sai kin ɗaga murya ba. Ki gaya masa abin da canjin zai ci, ki bar masa zaɓi: "Zai yiwu. Amma sau biyu za a shafa, kowanne sai ya bushe, ba zai kammala kafin tsakar rana ba, kuma fenti sabo za a saya. In ka yarda a ɗaga ɗauka zuwa yamma, furodusa ya turo kuɗin yanzu, in fara da sassafe. In ba haka ba mu bar shi shuɗi, in kawo koren labule da koriyar shimfiɗa, mai kyamara ya taimaka da haske." Sau da yawa za ki ji ya yi shiru, ya ce a bar shi kawai. Wanda ya nace, to da gaske yake so, ya kuma san abin da zai ci masa. Tun a zaman farko ki sa ranar rufe magana, misali kwana uku kafin ɗauka an gama batun launi da gini. Bayan kowane zama ki tura saƙo, "ga abin da muka tsayar," kada a wayi gari kowa na tuna nasa.

Maganar kuɗi gajeriya ce: kayan fim, kuɗin fim ke sayensu. Ki rubuta abin da ake buƙata da ƙiyasinsa, furodusa ya ba ki kafin ki fita, ki adana kowane rasit. In kuɗin kaɗan ne a rage buri, ba ke za ki cike giɓi ba. Bashin da kike bi yanzu ki tattara shi fim-fim, ki tura wa kowane furodusa a rubuce tare da ranar da kike so a biya, domin "bayan shutin" ba ta da rana a kalanda.

Ga mai ɗacin kuma. Fim huɗu ba za su yiwu ba, ko da kin bi duk abin da na faɗa. Biyu za ki riƙe. Na san abin da ke ranki, alkawari kaya ne, kuma abokai ne. Haka ne. Amma ki duba abin da kike ba su yanzu: kowannensu rubu'in hankalin mutumin da ba ya barci yake samu. Wanda kika janye daga nasa yau, da sauran makonni, zai ji haushi na kwana biyu ya nemi wani. Wanda jiki ya kayar da ke ana gobe ɗaukar nasa, shi ne kika cuta da gaske. Wajen zaɓe ki duba wanne ne zai koya miki abin da ba ki taɓa yi ba, kuma wane darakta ne ke zama a yi shiri da shi. Kusancin abota ba ya cikin ma'aunin. Sauran biyun ki same su ido da ido a makon nan. Ki ce kin ɗebo abin da ya fi ƙarfinki, laifinki ne, ga zanen da kika riga kika yi, ga jerin kaya da waɗanda suka yi alkawarin aro, ga kuma wance 'yar shekara ta biyu da kika yi wa magana, za ki zauna da ita ki damƙa mata komai. 'Yan ƙasa da ku suna nan suna neman fim ɗin da za a sa sunansu, abin da ya zame miki kaya su dama ce a wurinsu.

A biyun da kika riƙe ma, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A manyan fina-finai aikin da kike yi ke kaɗai na mutane da yawa ne: mai tsarawa daban, mai kula da zane da gini daban, mai ƙawata ɗaki daban, mai kayan hannun jarumai daban, ga kafintoci da masu fenti. Ki nemi mutum biyu, ko da riƙe buroshi kawai suka iya. Aikinsu ba zai kai naki kyau ba, hannunki zai yi ƙaiƙayin karɓewa. Ki daure. Bayyana wa wani abin da ke kanki har ya gane, shi ma cikin karatun yake.

Malaminki ki je ki same shi gobe, kada ki jira ya sake kira. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki faɗa masa fim huɗu kika ɗauka kuma kin sauke biyu, ki nemi sabon wa'adi wanda kika tabbata za ki cika, ki kuma cika shi. Damuwata da aikin ajin ta wuce batun maki. Ranar da kika fita neman aiki babu mai zama ya kalli gajerun fina-finai goma don ya hango kusurwar ɗakinki. Kundinki za a buɗe: binciken da kika yi, zanen hannu, zanen gini mai ma'auni wanda kafinta zai bi ba sai ya kira ki ba, samfuri, sai hoton fagen da aka gama. Ina fatan kin ɗauki hoton ɗakin tsohuwar nan kafin a kwance shi. In kin ɗauka, kwana taranki ba su faɗi ƙasa banza ba, bango huɗun duk za su shiga kundi. In ba ki ɗauka ba, ki tambayi mai kula da kwantiniti, wato mai lura kada kaya su sauya tsakanin ɗauka da ɗauka, da duk wanda ya riƙe waya a wurin, da wuya a rasa. Daga yanzu kuma, bayan an kunna fitilu kafin jarumai su shigo, ki karɓi minti goma ki ɗauki fagenki daga nesa, daga kusa, da daidai inda kyamara take.

Kada ki ɗauka ƙwarewa na kare mutum daga wannan. Ken Adam, wanda ya tsara fagagen fina-finan James Bond na farko-farko, yana cikin manyan da aka taɓa yi a sana'ar. A aikin fim ɗin Barry Lyndon na darakta Stanley Kubrick, wanda ya fito a 1975, matsin ya taɓa lafiyar ƙwaƙwalwarsa har aka kwantar da shi a asibiti, shi da bakinsa ya ba da labarin. Ya ci Oscar, babbar kyautar fim ta Amurka, da fim ɗin, bai kuma sake tsara wa Kubrick wani ba. Jiki magayi. In kin sauke kayan nan, kin samu makonni biyu ko uku kina kwanciya da wuri, amma har yanzu kuka na zuwa miki ba dalili, ko gabanki na faɗuwa duk lokacin da waya ta yi ƙara, ko barcin ya ƙi zuwa alhali ga lokacinsa, ki je ki ga likita. Kada ki ji kunyar wannan.

Mahaifiyarki tsoro take ji. Ta ga 'yarta na ramewa, ga bandeji a hannu, kuma wataƙila har yau ba ta gane wane irin karatu ne ke cin mutum haka ba. In kin gama samfurin ki ajiye mata shi a gabanta, ki nuna mata tagar da ƙofar da ɗan mutumin kwali, ki ce ga abin da nake yi. Ki ware rabin yini a mako wanda babu fim a cikinsa, daraktocinki su san wayarki a kashe take a lokacin. Ƙawaye kuwa ki ba su haƙuri, ki sa musu ranar da za ki zo, ki je.

Batun sauya fanni, ban ce kada ki taɓa sauyawa ba. Na ce kada ki yanke yanzu. Mutumin da ya yi watanni ba ya samun barcin awa biyar, kowane fanni yake ciki zai ce ya gaji da shi. Babba na buƙatar awa bakwai zuwa sama. Ki ba kanki wannan har ƙarshen zango, da fim biyu, da zaman nan na mutum uku kafin gini, sannan ki lura da kanki. In kika shiga ɗakin wani kika tsinci idonki na karanta shi, me ya sa kujerar nan ta fi lotsawa ta gefe ɗaya, wa ya rataya hoton nan ƙasa-ƙasa haka, to abin na nan a jikinki, gajiya ce ta lulluɓe shi. In kuwa kin huta kin natsu amma ko buɗe sabon labari ba kya marmari, ki sake rubuto min mu duba inda za ki dosa, domin zane da ma'auni da sanin launi ana nemansu a wasan dandamali da tsara cikin gida da wasannin kwamfuta. Ni dai a wasiƙarki na ga wadda ta zauna ta tsufar da hotuna da hannunta saboda wata tsohuwa da babu ita a duniya, kuma ban ga alamar ta gama da aikin nan ba.

Idan an cire zaren kika koma kan samfurin, ki sa sabuwar reza, domin dakusasshiya ce ke sa a danna da ƙarfi har ta zame. Ki yi aiki da rula ta ƙarfe, yatsunki nesa da bakinta, ki bi layin sau uku a hankali maimakon sau ɗaya da ƙarfi. Fentin feshi kuma a waje ko gaban buɗaɗɗiyar taga, da takunkumi a fuska. Duk wannan da rana za ki yi shi. Ki rubuto ki faɗa min biyun da kika riƙe.